Likitanku bai san teburin mai shayi ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Shirinku na daren Laraba kan ciwon suga ya ɓata min rai. Likitan da kuka gayyato sai cewa yake mu riƙa cin tuffa, mu yi rajista a gidan motsa jiki. Haba Malam! Da wa yake? Magidancin da ke fama da kuɗin cefane ne zai sayi tuffa? Har aka rufe shirin ban ji ya ambaci zogale ko rama ko wake ba, balle ya ce tuwon dawa da miyar kuka sun fi farar shinkafa da biredi.

Ni mai shayi ne a Ƙofar Ƙaura, a gabana ake kwasar ciwon nan. Mutum zai ce a zuba masa suga cokali huɗu, a tuttula madara, wai shi mai kauri yake so, ya haɗa da rabin biredi. Da rana kuma ya kora da lemon kwalba. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sugan da mutum ke sha a yini ya wuce ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Kwalbar lemo ɗaya ta haura 6 ɗin. Wannan ya kamata likitanku ya faɗa, ko da cinikina zai ragu.

Yayana tela ne, kan keke yake yini, ko masallacin Juma'a sai a babur. Ya fara yawan fitsarin dare, ƙishirwa ba ta sakinsa, aka ce zafi ne, aka yi ta ɗura masa jiƙo. Sai da ƙusa ta soke shi, ƙafa ta zama gyambo, sannan aka auna jininsa aka ga ciwon suga ne. Yau yatsunsa biyu babu. Da tun farko wani ya ce masa ya riƙa tafiyar ƙasa ta minti 30, kwana biyar a mako, ya rage tumbi, ya je a auna shi kafin karin kumallo, in an ga awon sugan jininsa ya kai 126 ko fiye ya nufi asibiti, da wataƙila ba mu kai nan ba.

Don Allah ku sake shirin, ku kawo wanda ya san abin da ake dafawa a gidajen Katsina.

Sannan labaran yammanku suna karo da sallar Magariba, kullum sai mun rasa rabi. A duba.

Naku mai sauraro,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina