Wasiƙa daga Hamburg zuwa ga Inna a Damagaram

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya ƙafar, ya zafin bazara? Auta, kai za ka karanta mata wannan takarda. Ka karanta a hankali, kada ka tsallake ko layi ɗaya, har wurin da na ambace ka.

Na turo Yuro 200 ta hannun da aka saba, jikka 131 ke nan da 'yan kai. Na san bai kai na watan jiya ba, dalilin yana tafe. A fara sayen maganin Inna na wata biyu, sannan buhun hatsi, abin da ya rage a ajiye shi domin kwanon rufin ɗakin baya kafin ruwa ya sauka. Kada a ba kowa rance a ciki, ko wane ne.

Inna, maganar da ta zaunar da ni rubutu ita ce abin da ya iso kunnena game da takwararki. An ce hoton bidiyonta ya zagaya wayoyin dangi, har Kawu yana faɗa a bakin kasuwa wai na saki 'yata tana rawa da jan wando a gaban Turawa. Wasu kuma sun ce dambe take yi da maza. Wallahi ranar da na ji ban iya cin abinci ba. Ke kika raine ni, kin san ba zan yi wasa da mutuncin mai sunanki ba.

Abin da take yi wasan taikwando ne na mutanen Koriya, irin wanda Alfaga ya ciwo mana azurfa da shi a Rio a 2016, har shekarar da ta biyo ya zama zakaran duniya. Kin tuna murnar da aka yi a ƙasa baki ɗaya, don rabon Nijar da lambar Olamfik tun tagullar Issaka Dabore a 1972. To shi nasa na karawa ne, mutum biyu suna kai wa juna shuri. Nata ɓangaren ana ce masa pumse, kuma ba ta taɓa kowa, ba mai taɓa ta. Ita kaɗai take shiga fili, ta kawo jerin motsin da ta haddace, tarewa da naushi da shuri da juyi, kowanne a gurbinsa, cikin abin da bai wuce minti ɗaya da rabi ba. Alƙalai suna zaune suna ba da maki 10: 4 na daidaito, 6 na ƙarfi da sauri da natsuwa. Ƙafa ta ɗan karkace, a zabtare 0.1. Ta manta motsi ɗaya, ko ta kasa yin ihun da ake yi a wurinsa, ko ta kalli wani gefen da ba shi ba, a zabtare 0.3. Dole kuma ta ƙare a daidai inda ta fara. Wannan ne rawa, Inna?

Jan wandon da ake ta magana a kai ba ita ta zaɓa ba, doka ce. 'Yan mata masu shekara 12 zuwa 14 ja suke sawa, maza shuɗi. Wando ne mai faɗi har idon sawu, riga mai dogon hannu, ga hijabinta a kanta, dokar wasan ba ta hana ba. A gaya wa Kawu, a wasannin ƙasashen Asiya da aka yi a Jakarta a 2018, mata biyun da suka kai ƙarshe a wannan fanni duk Musulmi ne: Defia Rosmaniar ta Indunusiya ta ɗauki zinariya, Marjan Salahshouri ta Iran ta ɗauki azurfa. Ƙasashensu alfahari suka yi da su. Ban ce a yi masa rashin kunya ba, ƙanenki ne, ubana ne. Amma in yana da magana ya kira ni, lambata tana wurinsa.

Da kin ga yarinyar nan da ƙwalla ta zubo miki. Ta dawo daga makaranta, ta yi salla, ta ɗauki jakarta ta tafi horo, ko dusar ƙanƙara ake yi. Akwai jeri takwas na farko da ake kira Taegeuk, duk ta ƙware a kansu, yanzu tana kan Koryo da Keumgang na masu baƙar ɗamara. A Keumgang ɗin akwai inda za ta tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe a bakin tafki, hannuwa suna tafiya a hankali, jiki ba ya ko rawa. A nan ta gigice bara a gasar jiharmu, ƙafar ta sauka kafin lokaci, ta fito tana kuka har gida. Ban ce mata komai ba. Tun daga ranar, kullum bayan asuba sai na same ta a ɗan falonmu tsaye da ƙafa ɗaya, har maƙwabcin da ke ƙasa ya buga mana ƙofa saboda dirar ƙafarta, muka sayi tabarmar roba muka shimfiɗa. Bana ta koma gasar nan ta zo ta biyu. Lambar tana rataye kusa da hotonki.

Shi ya sa kuɗin suka ragu. Zuwanta ta biyu ya ba ta damar shiga gasar ƙasa, a wani gari mai nisa, ga kuɗin jirgin ƙasa, ga masauki ita da uwarta, ga kuɗin shiga. Ba na barinta ta yi tafiya sai da uwarta, wannan ki kwantar da hankalinki. Baɗi kuma za ta cika 15, za ta koma rukunin 'yan 15 zuwa 17, sai sabbin kaya, wandon ya koma shuɗi mai haske. Ɗamarar da ke ƙugunta yanzu rabi ja ce rabi baƙa, irin ta yara, sai ta cika 15 za ta ɗaura baƙa zalla, takardar shaidar kuma daga Kukkiwon take fitowa, babbar cibiyarsu a birnin Seoul. Komai da kuɗinsa.

Ba zan ɓoye miki ba, babu arziki a wannan wasa. Na karawa ya shiga Olamfik tun 2000, nata bai shiga ba har yau, iyakarsa gasar duniya da aka fara a 2006, ta 2024 a Hong Kong aka yi ta. Wani lokaci in ina ɗaga kwalaye da dare a wurin aiki sai in tuna ɗakinki yana yoyo, ni kuma ina biyan kuɗin jirgi domin wasa, zuciyata ta yi nauyi. Amma Inna, yara a ƙasar nan suna lalacewa a gaban idon iyayensu, ba ka da ikon ɗaga murya. Ita kuwa malaminta ba ya barin ta shiga horo sai ya ga sakamakon makarantarta, kuma ba ta shiga fili sai ta gaida na gaba da ita. Kwanan baya ta tambaye ni ko wata rana za ta iya ɗaga tutar Nijar. Yarinyar da Hausarta ma ba ta gama nuna ba! Na rasa abin da zan ce mata don daɗi.

Mu lafiyarmu lau. Aiki da sauƙi, bayan nan ne yake ɗan taɓa ni, ba wani abu ba ne. Sanyi ya fara ja da baya. In an samu mai zuwa a aiko mana da kilishi da kuka da daddawa, na nan ba su da ɗanɗano.

Auta, yanzu kai. Inna kaɗai na tura wa bidiyon nan ta wayarka, yaya aka yi ya isa bakin kasuwa? Ka goge shi daga Facebook yau ɗin nan, kada ka ƙara sa hoton 'yata a ko'ina sai da izinina. Kuma kuɗin rufi ba na gyaran babur ba ne. Magani, hatsi, kwano, haka na ce. Ka ɗauki hoton takardar kantin magani ka turo mini.

Inna, gasar tana ƙarshen watan gobe. Takwararki ta ce ki sa ta a addu'a, kuma tana son ta ji daga bakinki cewa ba ki yi fushi da ita ba. Ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku zan kira, Auta ya tabbata wayar tana da caji. A gaida Goggo da su Yaya da yara duka, a gaida Kawu.

Ɗanki.