Zuwa ga Sarkin Noma: Amsar Tambayarka Kan Kuɗin Bincike

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan iyali na lafiya. A taron manoma na ranar kasuwa ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni, a matsayina na tsohon malamin gona, wane amfani talaka ke samu da kuɗin da gwamnati ke zubawa a binciken jami'o'i, inda ake tara likita da injiniya da masanin tsirrai a kan aiki ɗaya. Ka ce da taki aka saya mana da kuɗin, da ya fi. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a zan ba ka amsa.

Taki kam muna buƙata, ba ni da ja. Amma ka gaya mini, buhu nawa za ka zuba a fadamar da kachala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta cinye?

Ka girme ni, ka san kogin Haɗeja kafin a gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Da damina yakan cika ya malala, da rani ya janye har a taka yashi. Da aka fara sakin ruwa rani da damina, sai laka ta kwanta, kachala ta sami abin da take so, wato ruwan da ba ya ƙafewa. Yau ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyoyin ruwa daga Kirikasamma zuwa Guri har Nguru. Wani gari ambaliya na cin gonarsa, maƙwabcinsa kuma yana kallon busasshen rafi. Masunci ba shi da wurin jefa koma. Makiyayi ya rasa mashaya, ya biyo ta gefen gona, rigima ta tashi. Tsuntsun jan baki ya kwana a cikin kachala, da asuba ya sauka kan shinkafa, yara su wuni suna kaɗa gwangwani maimakon zuwa makaranta. Ruwan da ya tsaya kuma gidan sauro ne da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

To wa za ka kira? Injiniya zai kawo motar yasa, ya buɗe hanya, ciyawar ta dawo domin saiwarta na nan a ƙasa. Mai feshi zai kashe ta, ya haɗa da kifi. Likita zai ba yaro magani, gobe yaron ya koma wanka a ruwan nan. Kowannensu ya iya aikinsa, amma sai sun zauna tare, da mai lissafin sakin ruwa daga madatsa da wanda ya san zaman manomi da makiyayi, kafin a kama bakin zaren. A ƙarƙashin TRIMING, shirin gwamnati na inganta noman rani, masu bincike daga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da abokan aikinsu na Amurka da Sifen sun gwada mayar da kachala iskar gas ta girki da abincin dabbobi. Irin wannan tunani ba ya fitowa daga masani guda.

Kuma babu ɗan kasuwar da zai biya wannan aiki, domin buɗe kogi ba hajar da zai kai kanti ba ce. Dole sai kuɗin jama'a. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda aka kafa a 2011, daga harajin ribar kamfanoni yake samun kuɗinsa, kuma yana da ɓangaren tallafa wa bincike.

Nasan za ka ce abin na jan lokaci. Haka ne. Waken SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar a 2019, ya ci kusan shekara goma ana gwaji. Masanan ƙwari da masu inganta iri da masu duba lafiyar abinci duk sun sa hannu. Yanzu mai shuka shi feshi biyu kan ishe shi, inda da yakan yi shida ko fiye saboda tsutsar da ke huda kwanso. Wannan kuɗi ne ya zauna a aljihun manomi, guba kuma ta ragu a jikinsa.

Inda nake bayanka ɗari bisa ɗari shi ne a nan: sau da yawa masu bincike kan zo da farar mota, su ɗebi ƙasa a leda, su cika takarda da amsoshinmu, ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Wannan yana ƙona mini rai, domin da kuɗin ƙasarmu aka yi, da lokacinmu kuma.

Saboda haka ina roƙon ka, duk tawagar da ta sake zuwa neman izininka, ka gindaya mata sharaɗi. A sa manomi da masunci da makiyayi da mace mai sarrafa shinkafa cikin masu zaɓen abin da za a bincika, kuma in an gama su dawo ƙofar fada su karanta mana sakamakon da Hausa. In ka amince, ni zan rubuta takardar sharaɗin, mu kai wa Hakimi tare.

Naka,
Tsohon malamin gona, daga yankin Haɗeja