Zuwa ga Aminina a Fatakwal, kan Batun Ƙoda

Ƙofar Sauri, Katsina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya ruwan saman Fatakwal? Mu nan zafi ya kankama, kowa na neman inuwar darbejiya.

Ka ce bayanka na ciwo, kana tsoron ƙoda ce. Wallahi ba ciwon bayan ne ya tayar min da hankali ba, ƙwayoyin maganin ciwon da ka ce kana haɗiya ne. Yawancin ciwon baya daga tsoka da ƙashi yake, musamman ga mai wuni a kujerar mota irinka. Ita ƙoda sai ta rasa rabin aikinta ba ta ce uffan ba.

A kowace ƙoda akwai 'yan matatai kusan miliyan 1, masu tace ruwan jini wajen lita 180 a rana, a mayar da kusan duka jiki, lita 1 zuwa 2 kawai ya fita a fitsari. Kamar rariya suke: hawan jini da ciwon suga su yi ta cin ramukan har furotin ya fara zubewa. Shi ne kumfar da ke tsayawa a fitsari ba ta bajewa. A wurin aikinmu nakan ga mutum ya zo ƙafa ta kumbura, ka danna da yatsa ramin ya zauna, fuska a kumbure da safe, tafin hannu fari fat, domin ƙoda ce ke sanar da ɓargo ya ƙera jini. Matattun matatai kuwa tabo suke zama, ba sa dawowa.

Magungunan ciwo irin su diclofenac da ibuprofen kullum, a cikin zafin rana, ba isasshen ruwa, rage jinin da ke shiga ƙoda suke yi. Tsimin tasha kuma, mai sayarwa ma bai san awonsa ba.

In ciwon ƙoda ya kai mataki na 5, wato na ƙarshe, sai wankin ƙoda, sau 3 a mako, awa 4 kowane zama, ko dashe, irin wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke yi tun 2002. Na ga gidajen da suka sayar da gona saboda wannan.

Don Allah a makon nan ka je a auna maka hawan jini da suga, a yi gwajin fitsari da na kiriyatinin, wato gwajin jini mai nuna aikin ƙoda. Ka turo min hoton sakamakon ta WhatsApp. Hajiya na gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta ga manjan ba.

Naka,
Amininka.