Ki Nemi Uwar Ɗaki a Can

Ummina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya sanyin Amurka? Tun daren Larabar da muka yi waya hankalina bai kwanta ba. Bakinki na cewa "lafiya lau, Mama", muryar kuwa ta wadda ta sha kuka ce. Sai da na matsa sannan kika ce malamin da ke duba aikinki ya raina bincikenki kan damuwar da mata baƙar fata ke shiga bayan haihuwa, wai bai kai a yi digiri na uku a kansa ba. Kuma wata uku ke nan kina cin abin a ranki ke kaɗai. Wallahi wata ukun nan ya fi maganarsa yi mini ciwo.

Takardun da kika bar mini a hutun bara duk na karanta su, tunda ritaya ta ba ni sarari. Na ga Inez Beverly Prosser, ɗaya daga cikin mata baƙar fata na farko a fagenku na ilimin halayyar ɗan Adam, da ta kammala digiri na uku a Jami'ar Cincinnati a 1933, ta rasu sanadin haɗarin mota shekara ɗaya kacal bayan nan. Amma wadda ta tsaya mini a rai ita ce Mamie Phipps Clark. Ita da mijinta Kenneth sukan ajiye 'yartsana fara da baƙa a gaban yara baƙar fata 'yan shekara 3 zuwa 7, su tambaye su wacce ce kyakkyawa. Yawancinsu fara suke nunawa. Wani zai ce wasan yara ne, ai kuwa sai da ya kai gaban Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar 1954 da ta haramta raba makarantu saboda launin fata. Wannan baiwar Allah, da digirinta na Jami'ar Columbia a hannu, ta sha wahalar samun aikin da ya dace da iliminta, har ita da mijin suka buɗe cibiyarsu ta kula da yara ta Northside a unguwar Harlem ta New York a 1946. To waye zai ce miki abin da kike bincike ƙarami ne?

Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa miki ba. Da na haifi ƙaninki, kwana arba'in ɗin nan na wankan jego a kuka na yi su. In shiga bayi, in bar tururin ruwan ya rufe mini fuska, in yi mai isata, in fito ana miƙo mini kunun kanwa ina murmushi. Jaririn ma ba na son ɗauka. Ni da nake ungozoma a asibiti! Da na yi ƙarfin halin gaya wa wata babba a gidan, cewa ta yi, "Ke ma dai, yi haƙuri, kowace mace haka ta yi." Daga nan na ja bakina na yi shiru. Shi ya sa da na karanta aikin Cheryl Woods-Giscombé na 2010, inda mata baƙar fata na can ke cewa dole ne su nuna jarumta, su danne abin da ke ransu, su ɗauki nauyin kowa kafin nasu, sai na ajiye takardar na daɗe ina kallon bango. Mu dauriya muke kiransa, har yabon mace muke da shi. Ga shi yanzu kin gaje shi daga wurina, kina nazarinsa da rana kina aikata shi da dare.

Don haka ki tashi ki nemi uwar ɗaki a fagen nan. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka (APA), da aka kafa tun 1892, sai a 2018 mace baƙar fata ta fara shugabantarta, wato Jessica Henderson Daniel, wadda aka san ta da renon na ƙasa da ita. A cikin ƙungiyar akwai sashen da ya keɓanta da halayyar mata baƙar fata, har da kyauta mai sunan Carolyn Payton da suke bai wa masu tasowa. Ki yi rajista, ki je taronsu. Ki zaɓi mace ɗaya wadda kika karanta aikinta tsaf, ki rubuta mata gajeren saƙo da tambaya ɗaya takamaimiya. In ba ta amsa ba, kada ki yi fushi, ki gwada wata. Matambayi ba ya ɓata.

Sai dai ki je musu da ladabi. Launinku ɗaya, amma kakanninsu bauta da wariya suka sha a Amurka, ke kuwa da biza kika shigo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki fi sauraro yawa, in an tambaye ki namu kuma ki faɗa ba tare da kunya ba. Shi ma malamin naki kada ki yi masa rashin kunya. Ki tara hujjojinki ki koma masa, in ya kafe, ki bi ƙa'idar makaranta a sauya miki wani.

Babanki na gaishe ki, ban gaya masa komai ba sai kin yarda. Yajin daddawar da kika ce yana nan na daka. Ranar Juma'a bayan la'asar ɗinmu zan kira ki, kuma ina son in ji sunan matar da kika rubuta wa. Allah ya yi miki albarka.

Mamanki