A Kawo Mana Masu Hujja, Sojojin Baka Sun Ishe Mu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina sauraron shirinku na siyasa na dare, kuma raina yana ɓaci da yadda sojojin baka suka mamaye filin. Mutum zai shafe minti goma yana magana ba ka ji hujja ko ɗaya ba, sai gori da tonon silili, har da taɓa iyayen wanda bai bi ra'ayinsa ba.

Ba haka na taso na ga ana saɓani ba. Lokacin da jam'iyyar PRP ta dare gida biyu a 1980, mahaifina ɗan taɓo ne, yana bayan Malam Aminu Kano. Ƙaninsa kuwa ɗan santsi ne, ba ya jin kira in dai a kan Abubakar Rimi, gwamnan Kano na lokacin, ne. Bayan Magariba sai su baje tabarma a zaure, gardama ta kaure har jijiyar wuya ta tashi, mu yara muna raɓe a bakin ƙofa. Da an fito da tuwo sai Baffa ya jawo kwanon ya ce, "Yaya, bismilla." Har suka koma ga Allah babu wanda ya sauya ra'ayi, babu kuma wanda ya ƙaurace wa sunan gidan ɗan'uwansa.

Ba na cewa zamanin can babu ɓarna. Kano ba ta manta 10 ga Yulin 1981 ba, ranar da aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa. Tuna wannan rana ne ke sa gabana faɗuwa idan na ji ana zuga matasa ta rediyo.

Ko a addini magabata sun bar wa saɓani ƙofa. Da halifan Abbasiyya ya so tilasta wa Musulmi duka bin littafin hadisi da fiƙihu na Muwaɗɗa, Imamu Malik da kansa ne ya hana, domin sahabbai sun watsu a garuruwa, kowa da ilimin da ya riƙe. Mai littafin ke nan fa!

Roƙona, ku riƙa haɗa masu ra'ayi biyu a zama ɗaya kan batu guda, ko kuɗin makaranta ko cire tallafin man fetur. Kowa ya fara faɗin hujjar abokin gardamarsa yadda shi zai amince, sannan ya kawo tasa. Wanda ya yi zagi a kashe masa makirufo, ko da shi ya sayi filin.

Naku,
Mai sauraro daga Fagge, Kano