Takalmin Wasa: Ku Dubi Filin Kafin Ku Saya

Assalamu alaikum iyaye da masu kula da ɗalibanmu.

Yanzu da hunturu ya shigo kuma atisayen gasar wasanni ya kankama, muna so mu ja hankalinku kan takalman da yara ke zuwa da su. Sau da yawa faɗuwa da targaɗe a fili daga ƙasan takalmi suke farawa, wato yadda yake kama ƙasa. Idan kamun ya yi kaɗan, santsi ya kwashe yaro. Idan ya yi yawa, ƙafa ta kafe wuri guda alhali jiki ya riga ya juya, sai gwiwa ko idon sawu su ɗauki nauyin. Wannan na biyun shi ne iyaye ba su cika lura da shi ba, kuma rauninsa ya fi daɗewa bai warke ba.

Filinmu na ƙwallo a wannan lokaci busasshiyar ƙasa ce mai tauri, da ɗan rairayi a sama. Takalmin ƙwallo (but) mai dogayen haƙora a ƙasansa, irin wanda yara ke kwaɗayi don sun gani a talabijin, an yi shi ne domin ciyawa mai laushi inda haƙoran za su nitse. A nan ba sa nitsewa. Yaro yana tsaye ne a kan 'yan tsinaye, nauyinsa duk ya taru a kansu, tafin ƙafa ya yi ciwo, ƙafar kuma ta riƙa gocewa gefe. Mai haƙoran ƙarfe guda 6 kuwa na taɓo ne, ku ajiye shi sai damina. Abin da ya dace shi ne mai ƙananan ƙurajen roba masu yawa a ƙasansa. Shi ne kuma ya fi aminci a filayen ciyawar roba da ake haya a gari, domin a can dogon haƙori maƙalewa yake yi idan yaro ya juya.

A dandalin siminti na ƙwallon kwando da na raga, kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da zane-zanen tsagi ake bukata. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin roba da siminti ta kawo santsi, don haka a goge ƙasan takalmin da jiƙaƙƙen tsumma kafin wasa. Silifas ba ya cikin lissafi ko kaɗan.

Ba mu ce sai sabo ba. Ana samun na gwanjo mai kyau a Ƙofar Wambai da Sabon Gari, sai dai a juya shi a duba. Idan zanen ya suɗe, ko dunduniya ta cinye ta gefe guda, a bar shi. A danna robar da farce: wadda ta bushe ta yi tauri ba ta kama siminti. A gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi wasa da ita, a bar kamar santimita 1 a gaban babban yatsa. Mun san dalilin sayen babba domin yaro ya girma a ciki, amma ƙafar da ke yawo cikin takalmi bororo take yi, kuma kamun ƙasan ba ya amfanarta. Bayan wanki a shanya a inuwa, zafin rana yana ɓamɓare gam.

Ranar Alhamis mai zuwa malaman wasanni za su duba takalman kowane aji, sai a turo yara da nasu.

Wassalam,
Sashen Wasanni da Motsa Jiki