A riƙa duba lambar da ke jikin kwalin bitamin C

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi tsokaci kan wata ɗabi'a da ta samu gindin zama a gidajenmu tun annobar korona ta 2020, wato shan ƙwayar bitamin C ba lissafi. Aikin jinya na yi har na yi ritaya, kuma har gobe maƙwabta kan kawo mini ledar magani in duba musu. Da hunturu ya kama, da wuya in buɗe leda ban tarar da ita ba: ko 'yar fara mai tsami, ko mai ruwan lemo da ake tsotsa, ko babbar nan da ake jefawa a kofin ruwa ta yi ta kumfa. In na tambayi nawa ake sha a rana, sai a ce, "Hajiya, ai bitamin ne, ba magani ba ne."

To bitamin ɗin ma yana da ma'auni. A ƙa'idar da masana a Amurka suka fitar a shekarar 2000, namiji baligi miligiram 90 yake buƙata a rana, mace 75, mai juna biyu 85, mai shayarwa 120. Mai shan taba ya ƙara 35 a kan nasa. Hukumar lafiya ta Ingila ma 40 kawai ta yanka wa baligi. Ita kuwa ƙwayar nan mai kumfa, yawanci 1000 ne a rubuce a jikinta, ya ninka buƙatar namiji fiye da sau goma. Na ga magidancin da ke jefa ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya bayan isha'i, wai yana ƙarfafa garkuwar jiki.

Jiki ba ya tara bitamin C da yawa. Tulu ne, in ya cika duk abin da aka ƙara zubewa yake yi. Idan abin da aka sha bai wuce miligiram 180 ba, hanji kan tsotse kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari. Da an haura 1000, abin da yake tsotsewa ba ya kai rabi, wanda ya shiga jinin ma ƙoda ta tace rarar ta fitar a fitsari. Ragowar da ya tsaya a hanji shi ke jawo ruwa, sai murɗawar ciki da kumburi da gudawa. Daga nan a koma kemis a sayo maganin gudawa, ba wanda ya tuhumi kofin da aka sha da safe.

Iyakar da aka yanka wa baligi ita ce miligiram 2000 a rana, in an haɗa na abinci da na ƙwaya. Wannan geji ne da ba a so a tsallaka, ba a ce kowa ya yi ƙoƙarin kai wa can ba. Kuma akwai mutanen da ko kusa da shi bai kamata su je ba sai da izinin likita. Na farko mai ciwon ƙoda, ko wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, domin jiki na mayar da wani ɓangare na bitamin C zuwa sinadarin okzalet, wanda shi ke haɗuwa da kalsiyam ya zama tsakuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan maza fiye da 23,000 a ƙasar Suwidin ya gano masu shan ƙwayar sun ninka waɗanda ba sa sha wajen samun tsakuwar. Ku tuna mu a nan zafin bazara muke fama da shi, ga azumi, ga ƙarancin shan ruwa. Sai mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini, wanda sinadarin ƙarfe ya taru masa a jiki, tunda bitamin C ƙara tsotsar ƙarfen yake yi. Mai hawan jini kuma ya sani, abin da ke sa ƙwayar nan kumfa yana ɗauke da sodiyam, wanda saboda shi aka ce ya rage gishiri.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na yara. Ɗan shekara 1 zuwa 3 iyakarsa 400, ɗan 4 zuwa 8 kuma 650, ɗan 9 zuwa 13 shi ne 1200. 'Yar ƙwayar da ake tsotsa galibi 100 ce. Ke nan yaro ɗan shekara uku da ya tsotse biyar ya wuce gejinsa. A gabana uwa ta miƙa wa yaro sacet guda don ya yi shiru a cikin adaidaita, shi kuma a wurinsa alawa aka ba shi. Buƙatar ɗan shekara uku ta gaskiya a rana miligiram 15 ce.

Batun mura kuwa, binciken da aka tattara ya nuna shan ƙwayar kullum ba ya hana yawancin mutane kamuwa, sai dai ya ɗan rage tsawon jinyar, kusan kashi 8 cikin ɗari ga manya. Wanda ya fara sha bayan murar ta kama shi, ba a ga wata riba tabbatacciya ba. Su kuma 'yan matan da ke zuwa a ɗaura musu ruwan bitamin C ta jijiya don hasken fata, su san akwai masu lalurar jini ta gado da ake kira G6PD, wadda ba baƙuwa ba ce a Najeriya, kuma mai yawa ta jijiya na iya farfasa musu ƙwayoyin jini.

Gwaba guda matsakaiciya ta wadatar da baligi a rana. Lemon zaƙi ɗaya kusan miligiram 70 yake bayarwa. Ga yazawa, ga garin kwalba da nono na kuka, ga tattasai, in dai ba a dafe shi ya yi ligif ba, don zafi na kashe bitamin ɗin. Wanda likita ya rubuta wa ƙwaya saboda wata lalura, ya bi yadda aka rubuta masa.

Roƙona ga masu kemis, in an zo sayen ta, su tambayi wa zai sha da shekarunsa, su nuna wa mai saye lambar miligiram da ke jikin kwali tare da lambar NAFDAC, su kuma daina sayar wa yaran da aka aiko da canji.

Na gode.

Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.